Bikon Mamman Ba'adare

Tun da na dawo daga Nijar mutane ba su bar ni na huta ba. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar Kura a tambaye ni, har mai facin da ke gyara mini babur sai da ya ajiye taya ya ce, "Malam Idi, wai da gaske ne biko ka je?" Sunan da suka sa wa tafiyar ke nan, kamar wanda matarsa ta yi yaji. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san mu ba, ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kuma noman rani muke ci. Layin ruwanmu gonaki ashirin da uku ne, ƙofar ƙarfe guda ce ke sakar mana ruwa daga babban kanal, kowa da ranarsa da awoyinsa. Matsalar ita ce dukanmu jikokin mutum ɗaya ne. Duk wanda aka ba makullin ƙofar nan, kafin mako biyu an ce ya fifita ɗan ɗakinsu. A haka muke har Allah ya kawo mana Mamman, ɗan cirani daga ƙasar Adar, wanda ya zo yi mini dashen albasa. Baba Sule, dattijon layin, shi ya ce a ba baƙon nan makulli tunda ba shi da kowa a cikinmu. Shekara tara Mamman yana raba mana ruwa, ba a taɓa ɗaga murya a bakin ƙofa ba. Yakan zo bayan kaka, ya kwana a shagon ƙofar gidana, ya ci tuwon gidana, in damina ta kusa ya miƙa wa Baba Sule makulli ya koma gida.

A ƙarshen ranin da ya wuce, muna zaune a majalisa bayan la'asar, sai ya ce yana da magana. Yana son in sayar masa da ɗan filin da ke bayan gidana ya yi ɗaki biyu, ya kawo iyalinsa, ya gaji da zuwa da komawa. Ni kuma bakina ya fi hankalina sauri, wannan kowa ya sani. Na kwashe da dariya na ce, "Kai Mamman, baƙo da gini? Ai kai na tafiya ne." Mutane suka taya ni dariya. Shi ma ya ɗan yi murmushi, ya miƙa makulli kamar kullum, washegari ya tafi.

Da ruwan sama ya ɗauke da wuri muka buƙaci a ba shinkafa ruwa, sai muka ce mu raba da kanmu. Kwana goma ba a yi ba, ni da Habu ɗan kawuna muka tsaya a bakin ƙofa kowa da fartanya a sama. Da ba a riƙe mu ba, yau ɗayanmu yana kabari ɗayan yana gidan yari. Muka daina gaisawa, matanmu ma suka daina. Ana cikin haka 'yan cirani suka fara isowa, wani ya kawo saƙo cewa Mamman ya ce a gaishe mu, amma bana ba zai zo ba. Saura mako uku a saki ruwan rani. Baba Sule ya kira ni ya ce, "Bakinka ya kore shi, ƙafarka za ta dawo da shi."

Ƙanena Nasiru, wanda ya yi ilimin zamantakewa a jami'a yake koyarwa a sakandare, shi ya kai ni tasha a Kano. A hanya ya buɗe mini karatu. Ya ce, "Yaya, ku fa ba Mamman kuke so ba, baƙo kuke so. A karatunmu baƙo wani irin matsayi ne a cikin jama'a. Yana cikinku amma ba naku ba ne, shi ya sa kuke yarda da hukuncinsa, kuke faɗa masa sirrin da ba za ku faɗa wa ɗan'uwa ba. Ranar da ya yi gini ya aurar da 'yarsa gidan Habu ko gidanka, ya tashi daga baƙo. Abin da kuka ji tsoro ke nan." Na ce masa ya kula da titi, kada ya kashe ni da boko kafin in ga Katsina. Amma maganar ta zauna mini, domin gaskiya ya faɗa, ba don wasa kawai na yi dariyar nan ba.

Motar Maraɗi na shiga, wata tsohuwar Fijo da aka cusa mu kamar buhunan albasa. Kusa da ni wata Hajiya Zulai ce, 'yar Maraɗi mai sarin atamfa, mace mai jiki da baki. Kafin mu kai Bichi ta san inda na fito da abin da ya fito da ni. Ta ce, "To shi mutumen, wane gari yake?" Na ce Adar. Ta ce, "Adar ƙasa ce, Malam. Wane gari?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Sunan ubansa fa?" Na ce shi ma ban sani ba. Ta juyo da dukan jikinta, har na kusa da taga ya yi ƙara, ta ce, "Shekara tara yana cin tuwo gidanka?" Kowa a motar ya fashe da dariya har direba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma babu inda zan kai fuskata, gwiwar wani ce a gabana.

Mun wuce Katsina da Jibiya lafiya. A kan iyaka aka sauke mu, kowa ya fito da takardunsa. Ni ina da katin shaida, na miƙa da fara'ata. Jami'in ya duba ya mayar mini, sannan ya tambayi katin rigakafi. Nasiru ya gaya mini in nema tun a Kano, na ce ai Nijar bayan gida ce, wa zai tambaye ni. Jami'in bai yi mini faɗa ba, ya nuna mini wani ɗan ɗaki ya ce can ake yi, minti biyar ne. To ni, a duniya in akwai abin da nake tsoro bayan Allah, allura ce. Haka na daure na shiga. Matar da ke yin allurar ta ce in naɗe hannun riga, na naɗe, na rufe ido na fara salati da ƙarfi. Ina cikin salati ta ce, "Malam, an gama tun ɗazu, tashi ka ba wani wuri." Da na fito na tarar Hajiya Zulai ta riga ta ba duk motar labari ta taga.

Amma ita ce ta rufa mini asiri. Da muka isa Maraɗi da yamma ta ce ba za ta bar mai irin hankalina ya kwana a tasha ba, ta kai ni wurin mijinta, wani dattijo mai sanyin hali, ya ba ni ɗakin baƙi. Aka kawo dambu da zogale ya sha ƙuli-ƙuli, na ci na yi nak. Sai aka kafa shayi a ƙofar gida, a 'yar buta kan gawayi, aka miƙo mini a wani kofi da bai fi babban yatsana ba. Mu a gida shayi a babban kofi ake sha, da madara da burodi. Na kurɓe shi gaba ɗaya, ɗaci ya kusa tsinka mini harshe, na yi godiya na miƙe zan shiga ɗaki. Maigidan ya riƙo gefen rigata ya ce, "Ina za ka? Saura biyu." Ashe sau uku ake zubawa, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce hirarsu ba ta yi maka ba ne. Na koma na zauna. Da safe aka ba ni burodinsu mai tsawo kamar sanda, ɓawonsa ya kankare mini dasashi, amma cikinsa da daɗi. Hajiya ta ce in nufi Madawa in tambaya a rumfunan albasa, don duk ɗan ciranin da ya san ban ruwa, can ake saninsa.

A Madawa na sake shan dariya. Na shiga rumfar farko na yi sallama na ce ina neman Mamman Ba'adare. Wani mai auna buhu ya ɗaga murya ya ce, "Mamman!" Mutum biyar suka waiwayo. Ya ce, "Ga su nan, duk Adarawa ne, zaɓi wanda ya yi maka." Na yini ina yawo rumfa-rumfa. Na ce dogo ne, aka ce duk dogaye ne. Na ce yana da tsage, aka nuna mini tsage iri-iri. Wajen la'asar na zauna a kan wani buhu, raina a jagule, ina tunanin yadda zan koma in dubi Baba Sule in ce ban ma san inda mutumin yake ba. Wani tsoho mai ɗinkin buhu da ke gefe ya ce, "Bar faɗin kamarsa. Mi yake yi?" Na ce ban ruwa. Na gaya masa yadda Mamman ke tsoma bututu a kanal ya toshe bakinsa da tafin hannu ya girgiza sau biyu, ruwa ya biyo ya haye gaɓa ya zuba a gona. Tsohon ya ajiye basilla ya ce, "A'a! Ɗan Kano kake biɗa." Ya ce akwai mutum ɗaya a wani ƙauye bayan Buza da ya kawo wannan dabarar a garkarsa, wato lambunsa, mutane har kallo suke zuwa. Na kama hannun tsohon na yi ta girgizawa har ya ce zan karya shi.

Sunan ya tsaya mini a rai. Mu muna ce masa Ba'adare, su kuma can suna ce masa Ɗan Kano.

Na kwana a zauren sarkin tasha, washegari na samu motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki da buhunan gero. Hanyar duk duwatsu ce, in motar ta yi tsalle sai ka ji haƙoranka sun haɗu. Na riƙo wa Mamman tsarabar shinkafar Kura rabin buhu da ƙullin goro. Goron na rungume a ƙirji, shinkafar na sa a bayana na jingina. Sai da muka yi nisa na ji bayana yana ta saɓulewa ƙasa. Ashe wata akuya ta huda buhun tana ci, saura kuma yana tsiyaya ta ramin ƙasan motar. Mai akuyar ya ba ni haƙuri, ya ce ba ta taɓa cin shinkafar Najeriya ba ne. Abin da ya rage bai fi kwano huɗu ba.

Na sauka a ƙauyen da hantsi. Aka ce Ɗan Kano yana gona wajen ɗaurin gero, sai yamma, aka kai ni zauren mai gari. Wani mutum mai fara'a, Illo, ya karɓi jakata, ya shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai a gefe, ya je gidansa ya kawo mini fura a ƙwarya. Na ɗan kurɓa kaɗan na ture, ina barin wuri don tuwon rana. Aka yi azahar, aka yi hira, babu tuwo babu alamarsa. Ashe a can fura ita ce abincin rana, tuwo sai dare. Da yunwa ta ci ƙarfina na jawo ƙwaryar a hankali kamar ba ni ba, na shanye tas. Illo ya yi kamar bai gani ba, ya je ya ƙaro.

Abin da na lura da shi a zauren nan, kowa ya girmama ni amma babu wanda ya tambayi sunana. Bakano ya sha ruwa? A ba Bakano matashi. Wani dattijo da bai taɓa ganina ba ya matso ya yi ta ba ni labarin ɓacin ran da ɗansa ya sa shi, abin da na tabbata bai faɗa wa maƙwabcinsa ba. Ya san jibi ba na nan. Na tuna Nasiru, na ce a raina yaron nan ashe ba a banza aka kashe masa kuɗin makaranta ba.

Bayan azahar sai ga rigima an kawo wa mai gari. Illo ne da wansa. A can saboda tudu, jera duwatsu suke yi a gona su tare ruwa, kuma jerin duwatsun ne iyaka. Ruwan damina ya ture jerin da ke tsakaninsu, aka sake jerawa, wan ya ce an ci masa taku uku. Mai gari ya dube ni ya washe baki ya ce, "Allah ya kawo baƙo. Su biyun ɗiyan ƙanena ne, duk wanda na ba gaskiya, uwar ɗayan ba ta ƙara gaishe ni. Bakano, kai ba ka da kowa nan. Tashi ka gano muna." Na ce ni fa manomi ne ba alƙali ba. Ya ce manomin ake so. Na ce ai ga Ɗan Kano, wanda ya shekara tara yana raba mana gardama, a jira shi mana. Mai gari ya yarfa hannu ya ce, "Shi da ba ya zama? Rabin shekara yana wajenku, mi ya sani ga gonakin nan?"

Muka tafi gonar da jama'a a bayana. Ba sai an yi bincike mai nisa ba. Duk manomi ya san inda dutse ya daɗe a zaune, ƙasar wurin takan yi tauri ta yi baƙi, ciyawar gefenta ma daban take fita. Tsohon layin yana nan a fili, kuma sabon jerin ya shiga gonar wan. Illo ne ba shi da gaskiya. Na ɗaga kai na gan shi yana kallona da fara'ar nan tasa, mutumin da ya ɗauki jakata ya ƙaro mini fura. Wallahi sai da na ji zuciyata tana nemar masa hanya, ko in ce a raba taku ukun biyu, ko in ce alamar ta ɓace. Rabin yini kawai na yi a garin, amma har na yi nawa. Na daure na nuna tsohon layin da sandar mai gari, na ce nan duwatsun suke. Illo ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Da muka koma zaure bai zauna kusa da ni ba, kuma abin ya dame ni fiye da yadda na zata.

Mamman ya dawo gab da magariba da damin gero a ka. Da ya gan ni ya sauke damin a hankali, ya yi salati, ya rungume ni. Ya tambayi Baba Sule, ya tambayi Habu, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da jaririyar da aka haifa ana gobe zai tafi. Ni kuwa ban san ko 'ya'ya nawa gare shi ba. Ya yanka mini zabo, ya karɓi kwano huɗun shinkafata kamar na kawo masa buhu goma. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo ni, ya ce a'a, a garinsu ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya kwana ya huta. Da an bar ni na faɗa a lokacin, da na fi samun hutun.

Da safe ya kai ni garkarsa, ɗan lambu a bakin rijiya, albasa ta fara tsiro. Muka zauna a kan dutse. Na ce, "Mamman, na zo ba ka haƙuri. Maganar da na faɗa a majalisa, ban kyauta ba." Ya ce ya wuce. Na gaya masa abin da ya faru tsakanina da Habu, da fartanya da komai. Ya girgiza kai ya ce subhanallahi. Na ce ya taimaka ya dawo. Ya ɗebi ƙasa yana wasa da ita, ya ce, "Malam Idi, ka ga yadda nake nan. In ana shawarar gari ba a kirana, sai a ce Ɗan Kano bai san abin da ake ciki ba. Ƙaramin ɗana in na dawo kwana uku yake gudu na. Can kuma ni Ba'adare ne. Na ce bari in zama mutumen wuri guda kafin in tsufa. Tunda can bai yiwu ba, sai in gwada nan."

Nan na ga in ban faɗi gaskiya duka ba, tafiyar banza na yi. Na ce, "Ba don filin ba ne. Tsoro muka ji. Mun ce in ka zauna ka yi surukai a cikinmu, kai ma za ka yi naka, rabon ruwa ya lalace."

Ya ɗago ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Wato kuna zaton don ba ni da kowa ne?" Na ce haka muka ɗauka. Ya ce, "Shekara tara ina cin tuwon gidanka. Da na yi zazzaɓi uwargidanka ta dafa mini magani. Wa nake da shi can in ba kai ba? Ka tuna shekarar da tumatirinka ya fara yaushi, ana ƙarancin ruwa, ka zo bakin ƙofa ka tsaya ba ka ce komai ba? Ranar Habu ce. Makulli yana hannuna, ba mai gani. Na sakar wa Habu ruwansa, na koma shago na kasa cin abinci. Ina da nawa tun shekarar farko, Malam Idi. Allah nake tsoro."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na tuna ranar sarai, har na yi fushi da shi kwana biyu, ina cewa a raina ai baƙo ba ya jin zafin kowa. Jiya-jiya fura ƙwarya biyu ta kusa karkatar da ni, shi kuma tuwon shekara tara bai karkatar da shi ba. Na ce, "Filin naka ne. Ka zo ka yi gininka, ka kawo iyalinka, ka aurar da 'ya'yanka gidan da ka ga dama, ko gidan Habu ne."

Ya miƙe tsaye. Ya ce maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Muka koma gida, ya shiga ya daɗe, ni ina zaure ina jira. Can sai na ji muryar matarsa, Hadiza, daga bayan zana. Ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam, ni ban san Kano ba. In na taho, mi za a ce mini can? Matar baƙo?" Na ce za a kira ta da sunanta, kuma ni zan fara. Ta ce, "Akwai rijiya kusa?" Na ce ruwa har ƙofar gida yake wucewa, ba guga ba igiya. Sai ta ce wa mijinta, "In ƙarya yake, mu komo." Mamman ya fito yana dariya ya ce in ba su kwana goma su kai gero rumbu. Na yi ajiyar zuciyar da sai da kajin gidan suka watse.

Kafin in bar garin na je na yi wa Illo sallama, na ba shi rabin goron da na zo da shi. Ya karɓa, ya ce ya riga ya mayar da duwatsun da asuba, kuma ya ɗauki jakata har bakin mota. Dawowa ba ta yi wuya ba. Na tsaya Maraɗi na gaya wa Hajiya Zulai sunan garin da sunan uban Mamman, Abdu, da sunayen 'ya'yansa huɗu, ta ce yanzu na fara zama mutum.

Kwana goma sha biyu suka yi, kwana biyun nan na ƙari ban san yadda na yi su ba. Ranar da motar ta tsaya a bakin titi da tabarmi da tukwane a sama, rabin ƙauye ya fito. Baba Sule ya miƙa wa Mamman makulli tun kafin ya sha ruwa. Yanzu ɗaki ɗaya ya kai linta, suna zaune a shagona kafin a rufa. Ni da Habu ba mu koma kamar da ba tukuna, amma muna gaisawa, kuma ranar da aka fara aza tubali na gan shi ya kawo yashi a baro bai ce wa kowa komai ba.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa wa masu tambayata ba. A mako na biyu da sakin ruwa, albasata tana son ƙari, kuma awoyina sun cika. Na je bakin ƙofa na sami Mamman zai rufe. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Maƙwabci, ƙara mini rabin awa mana." Har yau ban san ko da gaske nake ba ko gwada shi nake yi. Ya ce, "Lokacin Habu ya shiga, Malam Idi." Ya juya makulli, ruwana ya tsaya, na Habu ya kama gudu. Sannan ya ce Hadiza ta dama fura irin ta can, in na gama in biyo. Na tsaya ina kallon albasata da ba ta ƙoshi ba, hankalina a kwance, na ɗauki fartanyata na bi shi.